Tsagar Bangon Gabas

Ina tsakiyar matse tsumman goge ƙasa a hawa na biyu na ji ƙwanƙwasa. Ƙwas, ƙwas, sai a yi shiru, sai a sake. Na ajiye bokiti na leƙa kwanar matakala. Wata yarinya ce siririya, da farar hular kwano a kanta, riƙe da 'yar guduma, tana bin bango tana bugawa tana kasa kunne kamar likita a ƙirjin mara lafiya. A bayanta kuma, kan kujerar roba, ga maƙwabcina Mai Lif a zaune, lulluɓe da bargo. Mutumin da ya yi makonni ko ƙofar ɗakinsa ba ya iya ƙetarewa sai an riƙe shi.

Na ce, "Kai kuma wa ya sauko da kai?"

"Ƙafafuna mana, Maƙwabciya. Ba su mutu ba, ritaya suka yi."

"Wannan fa?"

"Ƙawar 'yata ce. Tsofaffin gine-gine take karanta."

Yarinyar ta ɗan rusuna ta ce, "Ina kwana, Mama."

Na amsa, amma idona na kan gudumar. Masu sha'awar tsohon gini na san su, suna zuwa mana jefi-jefi. Da abin ɗaukar hoto suke zuwa, su ɗaga kai sama su yi ta cewa kai, kai, su tambayi inda banɗaki yake, su tafi. Ban taɓa ganin wanda ya zo da guduma ba.

Bari in gaya muku irin gidan, don ku san abin da ya sa gabana ya faɗi. Tsohon Ofis ake ce masa. Shi ne ginin ofisoshi na farko a tsakiyar garinmu, tun lokacin da babu komai a wurin sai rumfuna da filin sauke kaya. Wani kamfanin fatauci ne ya gina shi da sassaƙaƙƙen dutse, kaurin bangonsa har mutum zai iya zama a bakin taga ya harɗe ƙafa. Rufin ɗakunan can sama, tagogi dogaye masu marfin katako, a tsakiya kuma an bar fili buɗe tun daga ƙasa har sama don iska da haske su sauko, saboda zamanin babu fanka. Matakala biyu gare shi. Ta gaba mai faɗi ce, ta farin dutse, ita ce ta manya. Ta baya ta ƙarfe ce, tana murɗewa kamar igiya, ta masinjoji da masu shara irina. Akawuna a ƙasa, manajoji a tsakiya, babban mai gida a sama. Hawa uku kamfanin ya yi ya tsaya. Da ya tattara ya tafi, wanda ya sayi gidan ya ɗora hawa na huɗu da bulon siminti, ya jera tankunan ruwa a kai, ya yi wa ma'aikata ɗakuna biyu a saman rufi. Ɗaya nawa, ɗaya na Mai Lif. Igiyar shanya ɗaya muka yi shekaru muna rabawa, muna faɗa a kanta.

Lif ɗin da ya ba shi suna keji ne na ƙarfe mai ado, da hannun tagulla. Tun yana saurayi yake tuƙa shi, har ranar da injin ya yi tari ya mutu, aka ce ba a ƙera kayan gyaransa kuma. Kejin ya zauna a ƙasa, Mai Agogo ya sa tebur a ciki ya mai da shi shago. Mai Lif kuwa ya koma mai riƙe makullai da kunna famfo, amma sunan bai bar shi ba.

To, gidan yana da ciwo, kuma duk wanda ke cin abinci a cikinsa ya sani. Tsaga ce a bangon gabas, jikin babban ginshiƙin da matakalar gaba ta jingina da shi. Lauya na hawa na biyu ya tura kabad ɗin fayil ya rufe tasa. 'Yan matan tafireta sun rataya kalanda a kan tasu, idan shekara ta ƙare su ɗora sabuwa a kan tsohuwa. Ni kuma ɗakina a kan ginshiƙin yake daidai, tawa tana bayan labule. Kowa da guntun tsagarsa, kowa da abin rufe ta.

Duk lokacin da labari ya zo cewa masu duba gine-gine za su zagayo, sai mu haɗu ranar hutu. Mai Agogo ya kwaɓa siminti ya cusa a wadda ke kan matakala, tunda ita ba ta da labule. Fenti kuwa aikin Mai Lif ne, ba wanda ya iya shi kamarsa. Idan ya shafa sabo, ba ya barinsa yana ƙyalli. Sai ya karɓi ruwan dattin bokitina ya bi da tsumma, ya kunna kyandir ya ɗan yi masa hayaƙi, har da shatin hannu yake sa wa, kamar wanda masu hawa suka bari. Kafin la'asar wurin ya tsufa da shekara talatin. Masu dubawa su zo, su sha ruwan sanyi a ofishin Lauya, su tafi. Ba wanda ya taɓa ce mana mu yi haka, ba kuma wanda ya taɓa cewa kada a faɗa. Mun dai san gine-ginen da ke dama da hagu da mu duk da tsaga aka fara kawar da su, yanzu benayen gilashi ne ke tsaye a wurin.

Shi ya sa da na ga gudumar ta nufi kwanar gabas, na ɗauki bokitina na sauka wurin Mai Agogo.

Yana cikin kejinsa, da ƙaramin madubin nan manne a ido. Bai ɗago ba ya ce, "Iya, kin tsaya mini a haske."

"Haske zai ishe ka idan aka cire rufin gidan. Ka ga yarinyar da ta shigo?"

"Mai hular kwano? Na gan ta. Ta gaishe ni har ƙasa."

"Su ne masu gaisuwa har ƙasa. Bango take bugawa."

Ya cire madubin. "Wane bangon?"

"Wane bango ka sani?"

Ya zuba mini ido, agogunansa na ta ƙas-ƙas a bayansa, kowanne da lokacinsa. Can ya ce, "Ita kaɗai?"

"Da Mai Lif. Yana zaune yana nuna mata da baki."

"Haba Iya. Mutumin da fentin ke hannunsa?"

"Shi ya sa ya fi kowa sanin inda ya shafa."

Mai Agogo ya leƙa waje, ya rage murya. "Makon jiya na ga wakilin mai gida ya hau sama. Ya jima bai sauko ba. Ya ce dubiya ya je. Yaushe wakilin nan ya fara dubiya? Ko uwarsa ce ba lafiya sai dai ya aika."

Ni ma na ga wakilin, har na ba shi kujera. Amma tunanina ya fi karkata ga 'yar Mai Lif. Nas ce, yarinya mai hankali, a bayana ta yi girma, to amma tun da ciwon ubanta ya tsananta take roƙonsa ya koma gidanta, shi kuma ya ce ko a buhu ba za a fitar da shi ba. Idan aka rufe gidan, ai dole ya fita. Haka na yi ta juya abin ina goge matakala, in ɗora wa wakili, in sauke in ɗora wa 'yar, in sauke in ɗora wa shi kansa.

Yarinyar ta ci gaba da zuwa. Wani lokaci ta hau ɗakinsa su tura ƙofa, ni kuma shanyata ba ta taɓa yawa kamar kwanakin nan ba. Zani ɗaya na shanya na kwashe na sake shanyawa. Abin da nake ji ba shi da kai. Yana ba ta labarin yadda aka jawo duwatsun ginin da amalanke, da yadda a da wani ɗan rafi ke bi ta gefen gabas kafin a cike shi da ƙasa a yi titi. Ita kuma tana tambaya, yaushe aka ɗora tankuna, da damina ko da rani tsagar ta fi buɗewa. Da na ji kalmar tsaga daga bakinta, zanin ya suɓuce mini ya faɗi ƙasa.

Wata safiya na ga ya miƙa mata dogon makullin nan na ɗakin ƙarƙashin ƙasa. Wurin ajiyar kamfani ne a da, ƙofarsa ta ƙarfe ce, sai mutum ya sa kafaɗa. Ni mai sharar gidan rabona da shiga tun mijina na da rai. Na ɗauki tsintsiya na bi ta.

Na tarar da ita a durƙushe da tocila. A nan ƙasa ba wanda ya taɓa shafa wa tsagar komai. Baƙa ce, bakinta a buɗe, ga danshi na tsatsa a jikinta. An manna 'yan guntayen gilashi a gicciye a kanta, da siminti a kowane gefe, ɗaya sama da ɗaya. Duk sun fashe a tsakiya.

Na ce, "Wa ya yi wannan wasan?"

Ta juyo a firgice. "Baba Mai Lif ne. Idan bango ya motsa, gilashin sai ya tsage. Tsohuwar dabara ce. Tana nuna yana motsi, amma ba ta faɗin dalili."

"Ke kuma dalilin kika zo nema."

"E, Mama."

"'Yar nan, dube ni. Na yi jika da ke. A ina kike aiki?"

Ta kashe tocilar ta sake kunnawa. "A hukumar gine-gine. Injiniya ce ni. Baba ya ce kada in faɗa sai na gama dubawa."

"Wakilin mai gida ne ya turo ki?"

"Ban ma san shi ba."

"Kowa haka yake cewa."

Matakalar ƙarfen nan na bi har sama, gwiwoyina na kuka, ban tsaya hutawa ba. Na tura ƙofarsa ko sallama ban yi ba. 'Yarsa na zaune a bakin gado tana ba shi ruwa a cokali. Ya rame har kunnuwansa sun yi masa girma.

Na ce, "Ƙawar 'yarka, ko?"

Ya ture cokalin. "Kin je ƙasa ke nan."

"Na je. Na ga gilasanka. Shekara nawa muna gaisawa a kan rufin nan, ashe kana da wani aikin a ƙarƙashin ƙafarmu."

"Zauna, Maƙwabciya."

"Ba zan zauna ba."

"To tsaya, tsayuwa ta fi yi miki kyau." Ya yi tari mai tsawo, 'yar ta tallafe shi. "Da, gilashi ɗaya sai ya shekara bai fashe ba. Daga baya ya koma damina ɗaya. Na ƙarshen da na sa, kafin in kwanta ciwon nan, ko mako bai yi ba."

"Sai ka gaya mana mu! Mu da muke gida ɗaya. Sai ka kira hukuma?"

"In gaya muku ku yi me? Mai Agogo ya ƙara siminti, a nemo wani ya yi fenti?"

"Kai ne mai fentin ai!"

"Ni ne."

"To me ya sa sai yanzu? Duk shekarun nan ba ka ji tsoro ba, sai da ka ga tafiya ta zo, za ka bar mu a titi? Ni ina zan je da tsufana? 'Yan matan tafireta ina za su kai injinansu? Me wakili ya ce zai yi maka?"

'Yarsa ta ce, "Haba Iya."

Ya ɗaga mata hannu. Ya dube ni da idanun nan da suka faɗa. "Wakili lemo ya kawo mini, ya tambayi yaushe zan ba da makullai. Shi ke nan abin da ya haɗa mu." Ya numfasa. "A da ina cikin gidan, Maƙwabciya. Idan na shafa fenti, a samansa nake kwana. In ya faɗo, da ni zai faɗo. Yanzu kuwa zan fita, fentina ya zauna yana gaya wa mutane lafiya lau. Ke kuma gadonki a kan wurin yake."

Maganar ta shige ni, amma ban yarda ta zauna ba. Na fita, 'yar ta biyo ni har bakin igiyar shanya.

"Iya, ni ma so nake ya bar gidan nan, ban taɓa ɓoyewa ba. Amma wallahi ba ni na kawo ta ba. Shi ya matsa mini sai na nemo masa wani a hukumar."

"Kika nemo."

"Ubana ne, Iya. Kwance yake."

Kafin azahar labari ya gama gidan, don ni na kai wa Mai Agogo, shi kuma kejinsa a bakin ƙofa yake. Lauya ya hau da kansa, abin da bai taɓa yi ba. Ya tsaya a ƙofar ɗakin yana haki, da kwat ɗinsa a hannu.

"Malam Mai Lif, Allah ya ƙara sauƙi. Ina so ka sani, akwai mutane fiye da arba'in da ke neman abinci a gidan nan. Ba ka shawarci ko ɗaya ba."

"Ranka ya daɗe, da na shawarce ka da ka kayar da ni. Aikinka ke nan."

"Ba abin dariya ba ne."

"Na sani. Ƙirjina ma ba ya barina in yi."

Daga ranar ƙafa ta ɗauke daga saman rufi. 'Yan matan tafireta da ke hawowa da 'ya'yan itace suka daina. Mai Agogo ya ce shi ba gaba yake yi ba, aiki ne ya yi masa yawa. Injiniyar ta dawo da maza biyu da na'urori, suka janye kabad, suka cire kalanda, suka kankare fenti, suka ɗaure jan ƙyalle a matakalar gaba sama da ƙasa. Kowa ya koma bin ta ƙarfe, Lauya da baƙinsa da masinjoji, ana ta ture juna ana tsaki. Duk tsakin da aka yi, sunan Mai Lif ne a ƙarshensa. Wakilin mai gida kuma sau biyu na hange shi a tsallaken titi da wasu masu mota mai ƙyalli, suna nuna gidan da yatsa.

Ni ban daina kai masa ruwan zafi da safe ba, don wannan ba a kan shiri muke yinsa ba, sabo ne. Sai dai in ajiye a bakin ƙofa in juya. Ya ce, "Maƙwabciya," in ce, "Aiki na jirana."

Ranar da zai rasu, da hantsi, 'yarsa ta sauka sayen magani. Ina share gaban ɗakinsa ya ce in bar masa ƙofar a buɗe. Na tokare ta da dutse. Filin nan na tsakiyar gidan kamar maƙogwaro yake, duk abin da aka yi a ƙasa sai ya hawo.

Ya ce, "Kin ji? Tela na can ƙasa ne ya buɗe tagarsa. Marfin hagu ya fi na dama kuka."

Na ci gaba da shara.

"Wannan kuma babbar 'yar tafireta ce. Ita ke dukan inji kamar ya ci mata bashi. Ƙaramar lallaɓa shi take yi." Ya kasa kunne. "Lauya bai iso ba. Da an ji tarinsa."

Na ce, "Yana can yana neman wani ofis, albarkacinka."

"Zai samu. Lauya ba ya kwana a waje." Sai ya ƙara, murya ƙasa-ƙasa, "Har yanzu kina zargina."

"Ina zargin kowa."

"Ya yi kyau. Ki haɗa da bangon."

Na kai shara bakin tankuna, na kwashe, na dawo in ɗauki kofin ruwan. Fuskarsa na kallon ƙofa, bakinsa a ɗan buɗe kamar zai faɗi sunan wani. A ƙasa ana ta buga tafireta. Na kira shi da sunan da nake kiransa, na sake kira. Sannan na zauna a bakin gadon, zaman da ya ce in yi na ƙi.

Allah ya jiƙansa. Da aka gama shirya shi sai aka tsaya cirko-cirko a saman rufi, don ba wanda ya yi tunanin yadda za a sauko da shi. Matakalar ƙarfe mutum ɗaya ma a karkace yake bin ta, makara ba za ta juya a cikinta ba. Lif ya mutu tun tuni. Ta gaba kuma ga jan ƙyalle.

Lauya ya ce, "To, ga shi nan. Shi ya sa aka rufe hanyar."

'Yar marigayin ta rufe fuska da mayafi. Injiniyar, wadda ta zo tun da ta ji labari ta tsaya can gefe ba wanda ya kula ta, ta matso.

"Za a iya bi ta gaba. Amma mutum huɗu kawai, a hankali, a manne da gefen yamma. Sauran su bi ta baya su jira a ƙasa."

Mai Agogo ya ce, "Kin tabbata ba za ta rufta da mu ba?"

"Yau dai ina sa ran ba za ta rufta ba, Baba. Fiye da haka ba zan ce ba."

Mijin 'yar ya kama gaba, Tela ya kama kusa da shi. Mai Agogo ya tsaya yana susar ƙeya, sannan ya je ya kama baya. Saura kusurwa ɗaya. Maza na ta kallon juna, kowa na tuna 'ya'yansa. Sai Lauya ya yi tsaki, ya cire kwat ya miƙo mini, ya cire takalma.

"Riƙe mini, Iya. Ba don na yafe ba ne."

Injiniyar ta kwance ƙyallen. Mu mata muka jeru a bakin ƙarfen filin tsakiya, inda ake hango matakalar tun daga sama har ƙasa. A nan na ga abin da ban taɓa gani ba, ni da na tsufa a gidan. Ni guntuwar bayan labulena na sani. Lauya tasa ya sani, 'yan tafireta tasu. Yanzu da aka kankare fentin, ashe abu ɗaya ne. Ta taso daga ƙarƙashin ƙasa, ta bi ginshiƙin tana karkacewa, ta ratsa hawa bayan hawa ba ta yanke ba ko sau ɗaya, har ta shige ƙarƙashin ɗakina. A hawa na uku hasken titi na shigowa ta cikinta.

Masu makara suna saukowa taki ɗaya-ɗaya. Da suka zo daidai ofishinsa, Lauya ya juya kai ya kalli bangon. Ya tsaya cak, har makarar ta karkata.

Mai Agogo ya ce, "Ranka ya daɗe, tafi mana. Nan ba wurin tsayawa ba ne."

Babbar 'yar tafireta ta damƙe hannuna har ya yi mini zafi. Ba ta sake ni ba sai da suka taka ƙasa, suka wuce gaban kejin, suka fita ta babbar ƙofa.

Bayan kwanaki injiniyar ta tara mu a filin tsakiya ta faɗa mana da bakinta. Ƙasar da aka cike rafin da ita ce ke nutsewa, nauyin da aka ɗora daga baya kuma yana danna ta. Za a kwashe duk ɓangaren gabas, a sauke tankuna, a tokare ginshiƙin da sandunan ƙarfe. Ɗakina za a rushe shi. Sauran gidan, ta ce, yana iya tsira idan mai shi ya yarda ya gyara.

Mai Agogo ya ce, "Idan bai yarda ba fa?"

"Wannan ba a hannuna yake ba, Baba."

Lauya ya koma wani bene a bayan kotu. 'Yan tafireta suka rabu, babbar ta samu lungu a shagon Tela, ƙaramar ban san inda ta yi ba. Wasu har yau idan an ambaci marigayin sai su kau da kai. Wakili yana zuwa yana tafiya, wata rana da masu gyara, wata rana da masu motar nan. Duk wanda ya shigo da takalmi mai tsada sai na bi shi da ido har ya fita.

Ina ɗaure kayana a zannuwa, ban san inda zan kai su ba, 'yarsa ta shigo. Ta gama kwashe nasa. Ta miƙo mini makulli a tafin hannu.

"Ya ce a ba ki. Ɗakinsa a yamma yake, injiniya ta ce ba abin da ya same shi. Na yi magana da wakili, ya ce tunda ke ce mai shara, ki zauna kafin a ga yadda za a yi."

Na kalli makullin ban taɓa shi ba. "Yaushe ya faɗa? Kafin ya kira yarinyar, ko bayan ya kira ta?"

"Iya."

"Tambaya na yi."

"Ban sani ba, Iya. Karɓi, hannuna ya gaji."

Na karɓa. Da la'asar Tela da Mai Agogo suka ɗauko mini gado suka tsallaka da shi rufin, suna mita wai ƙarfensa ya fi ni nauyi. Suka ajiye shi jikin bango suka sauka. A ƙasa ma'aikata na buga sandunan tokara, kowane bugu sai na ji shi a tafin ƙafata.

Na ɗauki tsintsiya in share ɗakin kafin in shimfiɗa tabarma. A tsakar simintin akwai 'yan ramuka huɗu, inda ƙafafun gadonsa suka ci wuri. Nawa gadon gajere ne, biyu kawai ya rufe. Sauran biyun suna waje, ƙura ta taru a cikinsu. Na durƙusa na fitar da ita da bakin tsintsiya.